Tun da muka ɗaga eriya oba-obarmu ta kurmance

Laminu Garin Malam: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Shawarar manya nake nema. Ni ke kula da oba-oba na wani kamfanin masu gadi a nan Damagaram, muna da mitarmu ta VHF da hukuma ta ba mu, kusa da 150 MHz. A ofis ƴar ƙaramar ta hannu muke amfani da ita, mai wat 5, irin masu arahar nan da suka cika kasuwa. Da guntuwar eriyarta ta roba muna jin masu gadin Birni da na Zongo lafiya lau, na bakin hanyar Mirya ne sai a hankali. Shi ne maigida ya sa aka kafa dogon ƙarfe a saman soro, muka ɗora babbar eriya, muka jawo kabil RG-58 mita 20 har kan tebur. Yanzu su suna jinmu raɗau, mu kuwa ko na Birni ba ma ji sai shuuu. Wani lokaci muryar mai gabatar da shiri a wata tashar FM takan kutso a dagule. In dare ya raba komai ya koma daidai. Eriyar ce ba ta da kyau ko rediyon?

Alhaji Mutari: Wa alaikumus salam. Laminu, wat 5 ba ya riƙe ofis. Ka gaya wa maigidanka ya sayi babba ta tebur mai wat 50, in ya ga dama ya haɗa da amfilifaya. Ƙarfi ne ya yi muku kaɗan.

Malam Isufu mai rediyo: Alhaji, a yi haƙuri, ba nan gizo ke saƙar ba. Yaron ya ce ana jinsu. Wat na magana ne, ba na saurare ba. Ko wat 500 ya sa, kunnen rediyon yana nan yadda yake. Laminu, amsa mini uku. In ka hau soron kana hango ƙarfen tashar FM ɗin? Ƙarfe nawa take rufe shirye-shirye? Kuma in ka kwance babbar eriyar da rana ka mayar da ta roba, jin yana dawowa?

Laminu Garin Malam: Baba Isufu, ina hango shi sosai, ba zai kai tafiyar minti biyar a ƙafa ba. Suna rufewa wajen sha biyun dare, daidai lokacin da muke samun sauƙi. In na mayar da ta roba kuma jin yana dawowa kamar da.

Malam Isufu mai rediyo: To ka riga ka gano ciwon da kanka. Eriyarka lafiyarta ƙalau, kyanta ne ma ya jawo maka. Ka taɓa tsayawa kusa da masu kakaki a ƙofar fadar Sarkin Damagaram ranar hawan salla, wani ya zo yana yi maka raɗa? Kunnenka bai lalace ba, amma ba za ka ji shi ba. Haka transista ta farko a cikin rediyonka take. Babbar eriya ta ɗebo muryar mai gadin hanyar Mirya, ta kuma ɗebo tashar FM mai ɗaruruwan wat da ke maƙwabtaka, ta zuba su duka a ƙofa ɗaya. Mai ƙarfin ya cika transistar, ba ta da sauran wurin da za ta ƙara wa mai rauni ƙarfi. Ta roba ba ta iya ɗebo da yawa, shi ya sa rediyon ke samun sararin numfashi.

Habu ɗan koyo: Maigida, in aka sa musu lambar CTCSS fa? Na ga in an sa ta ba a jin kowa sai ƴan gida.

Malam Isufu mai rediyo: Habu, wannan lasifika kawai take rufewa. Ƙaramin sauti ne tsakanin 67 da kusan 254 Hz da ake aikawa ƙarƙashin magana, in rediyo bai ji shi ba sai ya yi shiru. Za su daina jin shuuu, amma mai gadi zai yi ta kira ba a amsa ba. A aikin gadi wannan ya fi hayaniyar haɗari, don za su zaci lafiya ce ta sa shiru.

Injiniya Hadiza: Barkanku da yini. Na goyi bayan Malam Isufu, zan ɗan ƙara bayani don Alhaji ma yana da wata gaskiya a maganarsa, ko da yake ba ta wajen wat ba. Tsofaffin rediyo na aiki, da manyan na tebur na yanzu, ana gina su ne a kan tsarin da Lucien Lévy a Faransa da Edwin Armstrong a Amurka suka fito da shi a shekarun 1917 da 1918. Sigina yana shigowa, a tace shi tun a ƙofa, sannan a sauke shi zuwa wata tsayayyar mita ta tsakiya, kamar 10.7 ko 21.4 ko 45 MHz, a bi da shi ta filtar kiristal, a sake sauke shi zuwa 455 kHz a bi da shi ta filtar seramik. Tacewa uku ke nan kafin ya kai lasifika. Yawancin masu arahar nan kuwa an cusa kusan komai cikin ƙwayar cif ɗaya, kuma ana so rediyo ɗaya ya kama daga 136 zuwa 174 MHz, ya kama UHF da ke can sama da su, har ma ya kama FM don jin labarai. Ƙofar da za ta bari duk waɗannan su wuce dole ta kasance a wangale. A hannun mai gadi a bakin ƙofa ba su da laifi. In aka haɗa su da eriyar saman soro a tsakiyar gari ne asirinsu ke tonuwa.

Malam Isufu mai rediyo: Gaskiya ne Malama. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohuwar rediyon mota irin ta ma'aikatu zai ga jerin ƴan akwatunan ƙarfe huɗu ko biyar a kusa da bakin eriya, kowanne da ɗan sukuru a ka, an ɗiga masa jan fenti don kada ya motsa. A cikin kowanne akwai naɗin waya mai kauri. Su ne masu tsaron ƙofa. Na buɗe ta hannun nan ta zamani, a wurin sai ƴan ƙwayoyi uku da sai ka sa madubin ido za ka gan su.

Alhaji Mutari: To ai maganata ke nan. A sayi babba.

Injiniya Hadiza: In akwai kuɗi Alhaji, babbar za ta taimaka, saboda ƙofarta ba saboda ƙarfinta ba. Amma tun da tashar tana kusa haka, ita ma tana iya buƙatar filta. Gara a fara da filtar, in an sayi babbar daga baya ba a yi asara ba.

Sanusi Direba: Ni ban gane ba. Tashar FM tana tsakanin 87.5 da 108, shi yana 150. Ta yaya muryar mai shiri za ta tsallako har can? Ni a ganina tashar ce ke zubar da datti, a kai ƙararsu ARCEP, hukumar kula da sadarwa, kawai.

Mamman Sani: Malam Sanusi, a bi a hankali. Ni ma'aikacin fasaha ne a wata rediyon karkara a yankin Magarya, kuma wannan zargin mun sha shi. Sau da yawa na'urar watsa shirin tsaf take, dattin a cikin rediyon mai saurare ake haifar shi. In sigina biyu masu ƙarfi suka cika transista, sai ta gauraya su ta haifi wasu da babu su a iska. Ɗauki tasha mai 107 da mai 90: sau biyu na 107 a cire 90, ya ba ka 124 MHz. Wannan ya faɗa cikin zangon jiragen sama, wanda ke tsakanin 118 da 137, inda mitar neman agaji ta 121.5 take. Shi ya sa mu masu FM da ke garin da ke da filin jirgi kamar Zinder ba ma wasa da filtar bakin na'ura. Akwai kuma gaurayen da ya fi wannan nisa: sau uku na 107 a cire sau biyu na 88, ya ba ka 145. Ka ga an iso unguwar su Laminu. Muryar tana fita a dagule ne saboda FM na watsa labarai yana lilo har 75 kHz kowane gefe, oba-oba kuwa an yi ta ne don 5 ko 2.5.

Ban ce duk tashoshi tsarkaka ne ba. Akwai masu amfani da na'urar da aka harhaɗa a gida ba filta a bakinta, ninkinta na biyu yana fita tsakanin 175 da 216 MHz. Irin wannan ko filtar zinariya Laminu ya sa, in dattin ya faɗo daidai kan mitarsa ba abin da za ta yi. Amma a gwada kafin a yi ƙara.

Sanusi Direba: Yaya ake gwadawa?

Injiniya Hadiza: Da ɗan abin rage ƙarfin sigina mai 10 dB a tsakanin kabil da rediyo. Ga ma'aunin a taƙaice: 3 dB rabi ne, 10 dB kashi ɗaya cikin goma, 20 dB ɗaya cikin ɗari, 30 dB ɗaya cikin dubu. In dattin daga iska yake zuwa, zai ragu da 10 dB daidai da muryar da ake so, ba abin da ya canza a tsakaninsu. In a cikin rediyo ake haifar shi, irin lissafin farko na Malam Mamman Sani, zai faɗi da kusan 30 dB alhali muryar ta ragu da 10 kawai, sai ka ji mai gadi ya fito fili. Laminu, kada ka danna maɓallin magana yayin gwajin, ƙananan abubuwan rage ƙarfin nan ba sa ɗaukar wat 5. A gaskiya ma gwajin da ka yi da eriyar roba ya riga ya nuna inda aka dosa.

Laminu Garin Malam: Na gode Anti Hadiza. To wace filta zan nema? Na duba intanet na ga wata ƴar ƙarama da aka ce tana toshe FM gaba ɗaya, ba ta da tsada.

Injiniya Hadiza: Karanta bayaninta da kyau. Yawancin waɗannan don na'urorin saurare kawai aka yi su, irin RTL-SDR da ake soka wa kwamfuta. Kai kana magana ta kabil ɗin da kake saurare, duk abin da ka sa a hanya sai wat ɗinka ya bi ta cikinsa. Abu uku za ka duba: wat nawa take ɗauka, nawa take ci daga siginarka a 150 MHz, kada ya kai 1 dB, sannan nawa take dannewa a mitar tashar da ke damunka, a samu 30 dB ko fiye.

Malam Isufu mai rediyo: Kafin kaya su zo daga Kano ko Yamai, akwai maganin da ke cikin shagon kowa. Guntun kabil da mahaɗa mai baki uku. Ka sa mahaɗar a bayan rediyo, baki ɗaya rediyo, ɗaya eriya, na ukun ka rataya guntun RG-58 ka bar ƙarshensa a buɗe, kada tsakiya ta taɓa raga. In tsawonsa ya kai rubu'in zango, wato kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon igiyar siginar tashar, sai ya zame mata gajeriyar hanya zuwa ƙasa tun kafin ta shiga rediyo. Lissafin: 75 a raba da mitar, a ninka da 0.66. Mu ɗauka tashar tana kan 100 MHz, ya zama santimita 49 da rabi, ana aunawa daga tsakiyar mahaɗar. Ka yanka da ɗan rara, ka riƙa datsewa kaɗan kaɗan, don kowane milimita 5 yana matsar da shi kusan 1 MHz sama, in ka wuce kuma ba a mayarwa. Kada ka ɗauko farin kabil na tauraron ɗan adam ka yi wannan lissafin da shi, cikinsa kumfa ne, sigina ya fi gudu a ciki, tsawon zai haura santimita 60, kuma shi om 75 ne, ba irin RG-58 ba.

Habu ɗan koyo: Ni na ga Maigida ya yi wa wani mutumin Tanut irinsa, da abin yanke farce yake datsewa.

Injiniya Hadiza: Malam, dabarar tana aiki, amma ku ba ni dama in yi gyara ɗaya, don kada yaron ya gyara kunne ya ɓata baki. Guntun da ya zama rubu'in zango a 100 MHz, a 150 MHz bai ɓace ba, yana nan rataye kamar bobin, wato naɗin waya, a kan layin. Na lissafa, SWR, ma'aunin ƙarfin da ke komowa baya, zai hau wajen 2.6, wato kusan kashi 20 cikin ɗari na ƙarfin zai riƙa komowa cikin rediyo duk lokacin da aka danna. Ƙaramar rediyo a zafin watan Afrilu na Damagaram, transistar ƙarshe ba za ta daɗe ba.

Malam Isufu mai rediyo: Na yi wa mutane da dama, ba wanda ya dawo mini da ƙonanniyar rediyo.

Injiniya Hadiza: Na yarda Malam. Dogon RG-58 yana ɓoye abin idan an auna daga nesa, kuma masu gadi gajeriyar magana suke yi. Amma gyaran ba shi da wuya: kwandansa mai juyawa a wurin mahaɗar, tsakanin tsakiya da raga, a juya ta har ta kai wajen 21 pF. Ita za ta soke abin da guntun ya jawo a 150, a 100 kuma ba ruwanta tun da can layin ya riga ya zama gajere. A nemi mai iska a tsakani ko ta seramik mai jure zafi. Ina da na'urar awo ta NanoVNA, in Laminu ya kawo shagonku ranar Asabar sai mu daidaita shi muna gani a allo, ba da ka ba.

Malam Isufu mai rediyo: Wannan na karɓa. Ina da irin kwandansar a cikin gwangwanin tsofaffin kaya. Ku zo bayan la'asar, kafin nan rumfar ta yi sanyi.

Mamman Sani: Abin da nake tsoro shi ne guntun kabil tasha ɗaya yake kamawa. Ramin da yake yi, wato iyakar mitocin da yake dannewa, ƙunci gare shi. Zinder ba tasha ɗaya ba ce, in aka danne wannan wata tana iya fitowa. Me zai hana a yi filta mai barin na sama su wuce, ta yanke duk abin da ke ƙasa da 135 MHz?

Injiniya Hadiza: Na so haka, amma lissafin bai ba da daɗi ba. 108 da 150 sun yi kusa da juna. Filta irin ta Butterworth, wadda ake amfani da tsarinta tun 1930, kowane mataki 6 dB yake ƙarawa in mita ta ragu da rabi. Mai mataki biyar da aka yanke a 135 za ta ba ka wajen 13 dB a 100 MHz, 10 kacal a 108. Ya yi kaɗan. Irin ta Chebyshev ko ta Cauer sun fi kaifi, amma daidaita su da hannu sai mai haƙuri da na'urar awo. In tashoshi da yawa ne, abin da ya fi shi ne filta mai barin mitarka kaɗai ta wuce, mai naɗin waya biyu ko uku a cikin akwati, irin masu tsaron ƙofar da Malam ya ambata. Tun da kamfanin mita ɗaya yake amfani da ita, ƙuncinta ba zai dame su ba.

Malam Isufu mai rediyo: Wannan ma ana yi a gida. Gwangwanin madara biyu, wayar jan ƙarfe mai kauri irin ta naɗin injin niƙa, a like da dalma.

Injiniya Hadiza: Ana yi, sai dai gwangwani baƙin ƙarfe ne da aka shafa wa kuza, yana cin sigina fiye da jan ƙarfe, kuma murfinsa yana motsi. In an sami allon sarkit mai jan ƙarfe a yanka a haɗa akwati da shi, ya fi. Manyan filtoci masu kama da tulun gas da ake sa wa na'urar maimaita sigina, sandar cikinsu a 150 MHz tana kai rabin mita, kuma sandar daidaitawar da ƙarfen Invar ake yin ta saboda ba ya miƙewa da zafi. A garin da rana ke wuce digiri 40, abin da ka daidaita da safe yana iya gocewa da azahar in an yi shi da abin da ya samu.

Malam Isufu mai rediyo: Malama, kuɗin tulun nan ya fi kuɗin duk rediyoyin kamfanin a haɗe. Mu fara da abin da aljihu zai ɗauka.

Sanusi Direba: Tun da ana maganar, ni tawa a mota take. A hanyar Agadas in na taka totur sai wani kuka siriri ya tashi a rediyon, in na saki ya sauka. Guntun kabil ɗin zai yi mini?

Malam Isufu mai rediyo: A'a Sanusi, naka ba ta eriya yake shiga ba, ta wayar wuta ne, daga alfaneta. Ka daina ɗaukar wuta a wurin kunna taba. Ja waya biyu masu kauri kai tsaye daga batir, da fis a kusa da batir ɗin, ka sa bobin mai kauri a layin ja da babbar kwandansa a gefen rediyo. In kukan bai tafi ba a duba diyod ɗin alfanetar, wataƙila ɗaya ya mutu. In kuma tas-tas-tas kake ji mai bin juyin inji a motar fetur, wannan fulogi ne, a sa masu rezista a ciki.

Laminu Garin Malam: Jama'a ga labarin Asabar. Mun yanka guntun a shagon Baba Isufu, Anti Hadiza ta haɗa na'urarta, muna kallon ramin a allo yana tafiya duk lokacin da aka datse, har ya zauna kan mitar tashar, zurfinsa ya ɗan wuce 25 dB. SWR ya nuna 2.5, da aka juya kwandansar ya sauko 1.2. Na kai ofis na ɗaura. Muryar mai shiri ta ɓace, na Birni da na Zongo sun dawo, na hanyar Mirya ma ina jinsa sarai. Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya: akwai wani zzzz da ke tashi da hantsi har la'asar, yana cinye masu rauni. Da can ban lura da shi ba saboda babbar matsalar ta rufe shi. In ƙara wani guntun?

Injiniya Hadiza: Kada ka ƙara. Filtar bakin eriya tana raba mita da mita ne. Abin da ya zauna daidai kan mitarka ba ta da yadda za ta bambanta shi da muryar mai gadi. Irin wannan a gidansa ake kashe shi. Kuna da sola?

Laminu Garin Malam: Akwai fano huɗu a saman soron, kusa da ƙarfen eriyar, da regilata MPPT mai daidaita cajin batir, da inbata, saboda yawan ɗaukewar kuran.

Injiniya Hadiza: Hantsi zuwa la'asar lokacin cajin fano ne. Regilata da inbata da cajar waya da ƙwan LED duk suna yanka wuta suna haɗawa sau dubbai a daƙiƙa, kaifin yankan yana haifar da ninki har cikin VHF, wayoyin fano kuma su zame masa eriya. Ka sa rediyon a kan batirinta, ka kashe komai na ofis, ka riƙa kunnawa ɗaya bayan ɗaya da sikwelc, abin da ke rufe shuuu in ba a magana, a buɗe. Wanda ya tayar da zzzz shi ne.

Mamman Sani: Wannan ita ce annobar da ta kori tsofaffi daga gajeren zango. Mahaifina a kan mita 25 da 31 yake kama labaran safe tun ina yaro, yanzu sai ya fita bayan gari da rediyonsa saboda kowane gida akwai caja da fitilar sola. Ba wanda ya kai ƙara don ba wanda ya san daga ina abin yake.

Laminu Garin Malam: Na gwada. Biyu ne: regilatar, da wata caja mai baki goma da masu gadi ke cajin wayoyinsu a kan teburin rediyon. Cajar ma ta fi ƙara.

Malam Isufu mai rediyo: Cajar a fitar da ita daga ɗakin, ko a sayi mai kyau, ba ta cancanci wahala ba. Regilatar kuwa zoben ferit za ka sa mata. Ka san kumburin nan baƙi da ke jikin tsohuwar wayar allon kwamfuta ko cajar laftof? Fasa robar, zoben yana ciki. Wayar fano ja da baƙa ka zura su tare cikin zobe ɗaya, dab da akwatin regilatar, haka ma na ɓangaren batir. Tare fa, ba kowace da nata ba, in ka raba su wutar cajin za ta cika ferit ɗin ya daina aiki. Sannan ka murɗe wayoyin biyu da juna tun daga soro, kada ɗaya ta bi gabas ɗaya ta bi yamma.

Habu ɗan koyo: Maigida, zagaye nawa? Na karanta cewa zagaye uku ya ninka ɗaya sau tara.

Injiniya Hadiza: Haka ne Habu, a ƙananan mitoci kamar gajeren zango. A VHF in zagayen ya yi yawa, sigina yana tsallakewa daga naɗi zuwa naɗi ya bar zoben. Zagaye ɗaya ko biyu, da zobba uku ko huɗu a jere, ya fi. Wanda zai yi oda ya nemi ferit mai lamba 43 ko 31. Zobba masu fentin rawaya da fari na cikin akwatin wutar kwamfuta ba ferit ba ne, garin ƙarfe ne, ba za su yi wannan aikin ba. Laminu, in da hali ka matsar da eriyar nesa da fano, ko ka ƙara mata tsawo. Kuma wata rana ku canza kabil ɗin: RG-58 yana cin kusan 4 dB a mita 20 a wannan zangon, fiye da rabin ƙarfinku ke nan, RG-213 bai kai rabin haka ba. Amma sai bayan an gama da filta, don kabil mai kyau zai ƙara kawo tashar FM ɗin ma.

Alhaji Mutari: Zobban masu maƙalawa akwai su a wajena, an kawo mini tare da kayan kamara. Laminu ka biyo ka ɗauki huɗu ka gwada, in sun yi sai a yi ciniki.

Laminu Garin Malam: Na gode Alhaji. An sa, an kori cajar zuwa zaure, zzzz ɗin ya ragu har sai na buɗe sikwelc gaba ɗaya nake jinsa. Amma jiya da iskar ƙurar nan ta taso da yamma na ji ƙaf-ƙaf-ƙaf a lasifika, da na kai hannu bakin kabil ɗin kuma ya ɗan ja ni.

Malam Isufu mai rediyo: Wannan kada ka yi wasa da shi. Busasshiyar ƙura in tana gogar eriya tana tara mata wuta, in ba ta sami hanyar sauka ba sai ta bi ta cikin rediyo. Auna da mitar awon wuta tsakanin tsakiyar kabil da raga, rediyo a cire. In ya nuna a buɗe, eriyarka ba ta da hanyar zubarwa, sai a sa rezista babba, kamar kilo-om 100 ko fiye, mai jure wuta, a cikin akwatin mahaɗar tare da kwandansar. Ƙarfen soron kuma yana buƙatar waya mai kauri zuwa sandar ƙasa. Ƙasarmu yashi ne da dutse, sanda ɗaya a busasshen wuri ba ta isa ba, ka nemi inda ruwan alwala ke zuba ka kafa biyu ka haɗa su. Ka duba wayoyin da suka ɗaure ƙarfen ma, duk inda tsatsa ta ci mahaɗi ko waya tana gogar kwanon rufi, wurin yana iya gauraya sigina kamar yadda transista ke yi, kuma wannan filtar ba ta kama shi in ya faɗo kan mitarka.

Mamman Sani: A ƙara da abin kare tsawa a inda kabil ya shiga ɗaki, a haɗa shi da sandar ƙasar guda. Rezistar ƙura kawai take zubarwa, ba ta tare aradu. Damina ta kusa, a watan Yuni ake fara asarar na'urori a wajenmu.

Laminu Garin Malam: Na auna, a buɗe yake. Baba Isufu, zan kawo akwatin gobe da safe a sa rezistar. Sandunan ƙasar maigida ya amince, amma ya ce abin kare tsawar sai ƙarshen wata.

Malam Isufu mai rediyo: To kafin ƙarshen watan, duk ranar da hadari ya haɗu a gabas ku kwance kabil ɗin daga rediyo, ku ajiye bakinsa nesa da tebur da mutane, ku koma eriyar roba har ya wuce. Ka rubuta wannan a takarda ka manna a bango don masu aikin dare. Gobe ka zo da mitar awonka, tawa batirinta ya mutu.